Injin Ɗaga Kaya Ba Ya Maganin Rashin Tsari

 Ya ku 'yan'uwa malamai da attajirai na Karaye da Rogo, ga wata magana da nake so mu duba.

Wani almajirina mai zuwa cin rani Kano ya ba ni labarin wani sito inda maigidan ya sayi injin nan mai yatsu biyu na ƙarfe, wanda ke ɗaga buhu 20 a tashi ɗaya. Ba ya shan mai, batir gare shi. Ran nan kafin azahar batir ya mutu, ga motar masara daga Rogo tana jira a ƙofa, ga babu wuta, 'yan dako kuwa an riga an sallame su. A nan motar ta kwana.

Ni a ganina laifin na maigida ne, gama ya sayi ƙarfi bai sayi tsari ba. Kakanninmu fatake da suka yi ta kai da komo tsakanin Kano da Gwanja sun san wannan ilmi. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya san inda zai yi zango da inda dabba za ta sha ruwa, kuma ba ya yarda jaki ya komo da mangala wofi. To, haka wannan inji yake so.

Na farko, kada ya yi tafiyar banza. Kadan ya shiga da kaya, ya fito da wani, gama kowane taku daga batir ake cire shi.

Na biyu, kayan da ake yawan nema a ajiye su kusa da ƙofa, kuma a ƙasa. Ɗaga nauyi sama shi ya fi cin batir.

Na uku, a yanka wa caji lokaci kamar yadda muka yanka wa karatu. Batir irin na darma da ruwa yana son kamar awa 8 na aiki, 8 na caji, 8 na hucewa, kuma ba a barinsa ya ƙare ƙurmus, sai a tsaya da saura kashi ɗaya cikin biyar. Sabon irin da ake kira litiyam ya yarda a ɗan ƙara masa lokacin salla ko kalaci. Mai farantan hasken rana kuwa, ya sa cajinsa da tsakar rana.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. An cire tallafin man fetur a 2023, an ƙara kuɗin wuta ga masu samunta da yawa a Afrilun 2024, sa'an nan a Oktoban shekarar Arewa ta yi kwanaki cikin duhu. Wanda ya tayar da janareta da dare don ya cika batirin da ya ɓatar da rana wajen yawon banza, lalle ya yi almubazzaranci, shari'a kuwa ta hana.

Waɗansu malamai sun ce a bar injin ɗungum, don yana cire wa talaka abinci daga baki. Maganarsu tana da nauyi. Dalar gyada ta Kano da kawunan mutane aka gina ta, kuma har yau 'ya'yanmu da yawa da dako suke ci a Dawanau. Amma wanda ya taɓa ganin bayan tsohon ɗan dako ba zai so ɗansa ya gaji wannan wahala ba. Abin da ya kamata shi ne a raba aiki: inji ya ɗauki mai nauyi da mai nisa, mutane su yi lodi da saukewa da jeri, a kuma koya wa waɗansunsu tuƙi da kula da batir.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka ƙirga kuɗin inji, zauna da malamin sitonka da shugaban 'yan dako, ku rubuta lokacin zuwan motoci da lokacin wuta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.