Shanyewar Ɓarin Jiki: Kada a Yi Gaggawar Ba da Asfirin

Uwargida, idan wani a gida ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, sai mu ce ɓarin jiki ya shanye. Amma ciwon nan iri biyu ne. Wani lokaci gudan jini ne yake toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Wani lokaci kuma jijiyar ce take fashewa, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A ido duk kamarsu ɗaya, amma maganinsu ya yi hannun riga. Allurar narkar da gudan jini, wadda ake yi cikin awa huɗu da rabi na farko, tana ceton mai toshewa, amma tana iya kashe wanda jijiyarsa ta fashe.

A yanzu hoton ƙwaƙwalwa na CT ko MRI ne ke bambanta su, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Shi ya sa masana ke neman wata alama a cikin jini da za ta nuna ko jini ya zuba. Wadda suka fi sa wa ido ita ce sinadarin GFAP, da ke cikin wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Idan jijiya ta fashe, yakan shiga jini da sauri cikin awannin farko. Idan toshewa ce, sai a hankali yake hauhawa. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini mai auna GFAP ga waɗanda suka bugu a ka. Ga shanyewar jiki kuwa, har yanzu gwajin bai maye gurbin hoto ba.

Maganar ta shafe mu sosai. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da Kano da Zariya, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo zubar jini ce ta same su, kuma hawan jini ne babban dalili.

To, kafin gwajin ya iso mana, me za mu yi? Kada ki ba mara lafiya asfirin don maƙwabciya ta ce yana tsinka jini. Idan jijiya ce ta fashe, ƙara zubar zai yi. Kada a ɗura masa ruwa, koko ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. Ki duba agogo, ki riƙe lokacin da abin ya fara, a kwantar da shi ta gefe, a nufi babban asibitin da ke da na'urar hoto.

Mai ciki ko mai jego da ta ji matsanancin ciwon kai ko ganinta ya dushe, ita ma kada ta jira gari ya waye. Mu riƙa auna hawan jini, namu da na maigida da na iyayenmu. Allah Ya ƙara mana lafiya.