Zauren Ilimi: Baƙin Gida a Takardar Konkur

Saurayin Birnin Lalle da ya biya kuɗin mota zuwa Maradi neman aiki, wani lokaci zane ne ke kada shi a konkur, ba Faransanci ba. Akan jera zane huɗu, kowane an raba shi gida-gida, an baƙanta ɗaya, a ce ya nuna na biyar. John Raven ya fito da irin wannan gwaji a Ingila a 1938.

Dabarar ta mai dara ce: ya bi baƙin gida, ya ƙirga takunsa, ya lura da inda ya nufa. In baƙaƙen biyu ne, kowane da tafiyarsa. Mai gaggawa kan zaɓi mai kama, ya yi asarar shekara. Tun daga gida ya kamata ya zana a ƙasa, ya saba.