Ku Daina Goge Wa Mutane Kwamfuta Kan Laifin Bango

Gida ɗaya a Ɗambatta, na'urar raba intanet ɗaya, amma kwamfutar da ke falo tana buɗe shafi nan take, ta shagon samari da ke bakin zaure kuwa sai juyi take yi. A ɗauke ta a kai wa mai gyara. Ko kunna ta bai yi ba, zai ce bairos ne, sai an yi fomat. A goge wa ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako aikin da ya kwana yana bugawa, a karɓi kuɗinsa, ya dawo gida ya tarar da matsalar tana jiransa. Wannan cuta ce, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an maimaita ta.

Abin ba sihiri ba ne. Yawancin sababbin na'urori suna watsa waifai ta zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi gudu amma bango yana cinye shi. Na 2.4 ya fi zuwa nesa, sai dai gudunsa kaɗan ne. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba sa ma ganin na 5. Ga katangar ƙasa mai kauri, ga ƙofar ƙarfe, ga na'urar an cusa ta bayan talabijin. Me ya hana mai gyara ya ce a ajiye kwamfutocin biyu gefe da gefe kusa da na'urar a gwada? In gudunsu ya daidaita, nisa ne da bango. In bai daidaita ba, a jona kebul, a kashe wayoyin gida da ke sauke bidiyon WhatsApp, a duba ko Windows na sabunta kanta a ɓoye. Duk wannan kyauta ne, shi ya sa ba a faɗa.

Amma ko an gyara duk wannan, me ke shigowa gidan da za a raba? Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Pantami, ya yi wa karkara alkawarin megabit 10 a daƙiƙa, birni 25. Tun a takarda an ba mu ƙasa da rabi! A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ƙarin ya iso Ɗambatta daidai da na Legas, ba a rage mana ko kwabo ba.

Ya kamata NCC ta turo ma'aikatanta ranar Lahadi, ranar kasuwarmu, lokacin da fatake suka cika gari, masu POS na ɗaga na'ura sama suna neman sabis. Su auna gudun intanet a tsakiyar kara, su auna a ƙauyukan kewaye, su buga sakamakon kowane kamfani da sunansa.