Karatun Likita A Waje: A Yi Bincike Kafin A Sayar Da Gona

Da zarar yaro a Kurfi ko Dutsin-Ma ya rasa gurbin karatun likita a Zariya ko Sakkwato, sai hankali ya koma ƙasashen waje. Dillalai kuwa dama jira suke. Uba ya sayar da gona da shanun huɗa ya miƙa kuɗi, alhali ko sunan jami'ar bai iya faɗa ba.

To, ga abin da dillali ba ya faɗa. Digirin waje ba lasisi ba ne. Duk wanda ya dawo sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, sannan ya yi shekara guda yana aikin horo a asibiti. Masu faɗuwa kuma ba kaɗan ba ne.

Ga kuma yaƙi. A 2022 ya koro ɗalibai daga Yukren, hukumar kuma ta ce ba ta amince da karatun likita ta intanet ba. A Afrilun 2023 Khartum ta kama da wuta, aka kwaso 'yan Nijeriya a motoci zuwa iyakar Masar, karatu ya tsaya cak!

Don haka wajibi ne ɗan'uwa mai niyya ya fara tambayar MDCN matsayin jami'ar, ya kuma nemi wanda ya gama can ya ji daga bakinsa. Sannan a yi lissafin kuɗin dukkan shekarun da dala, domin Naira ta faɗi warwas a 2023, dillali kuwa kuɗin shekarar farko kawai yake ambata.