Injin Kwabo da Injin Dala: Wanne Ya Fi Cuta?

Akwai wata magana da masu caca suka daɗe suna yi, ta kuma fara shiga kunnen samarinmu ta wayar hannu. Wai idan mutum zai buga injin caca, to ya nemi wanda ake zuba wa babban kuɗi, domin shi ya fi biya. Dalilin da ya sa muka ɗauko ta a wannan mujalla shi ne, maganar ba ƙarya ba ce. Gaskiya ce, amma irin gaskiyar da akan ɗana tarko da ita.

Injin da muke nufi shi ne wanda akan zuba wa kuɗi a danna maɓalli, hotuna su yi ta juyawa, in sun tsaya a jere iri ɗaya mutum ya ci. Iyayenmu sun san shi da sunan kalo-kalo, wanda gwamnatin soja ta haramta a 1977. Asalinsa Amurka ne, inda wani makanike mai suna Charles Fey ya ƙera shi a San Francisco a ƙarshen ƙarni na 19. Jihar Nevada, inda birnin Las Vegas yake, ta halatta caca a 1931, kuma hukumar da ke kula da caca a jihar takan fitar da rahoto kowane wata, ta nuna abin da aka zuba a kowane irin inji da abin da gidajen caca suka riƙe. Saboda haka ba sai mun yi ta ƙiyasi ba.

Ga abin da rahoton yakan nuna shekara da shekaru. Injin senti ɗaya, wanda za mu kira injin kwabo tunda senti 100 ne dala ɗaya, yakan riƙe wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka zuba masa, ya mayar da 90. Injin dala ɗaya yakan riƙe wajen kashi 6, na dala 5 kuwa yawanci ƙasa da haka. Wato talakan da ya je da 'yan canjinsa shi ne ake yanka da wuƙa mafi kaifi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane inji yana cin fili, yana shan lantarki, ana biyan masu gyaransa, don haka wanda ake zuba wa kuɗi kaɗan dole ya riƙe kaso mai yawa kafin ya biya wa mai gida bukata. Masu zuba manyan kuɗi kuma ba su da yawa, gidajen caca suna rububinsu, sai a ɗan sassauta musu. Dokar Nevada ma abin da ta nema kawai shi ne kada inji ya mayar da ƙasa da kashi 75.

To, ashe sai a koma injin dala? A nan ne muke so ɗalibai su ɗauko biro da takarda. Mai buga inji yana iya danna maɓalli sau 10 a minti ɗaya, wato sau 600 a awa. Mu ɗauka Audu yana kan injin kwabo. Sunan kwabo ma yaudara ne, domin injin yana da layuka da yawa, kowanne da nasa kwabon, sai ka ga dannawa ɗaya ta ci senti 50. A awa ɗaya Audu ya zuba dala 300, kashi 10 kuwa dala 30 ne. Bulus ya ji shawarar masana ya hau injin dala, yana zuba dala 3 kowace dannawa. A awa ɗaya ya zuba dala 1,800, kashi 6 kuwa dala 108 ne. Bulus ya sami inji "mai adalci", ya kuma yi asarar da ta ninka ta Audu fiye da sau uku. Ba da kaso ake biyan kuɗin makaranta ba, da tsabar kuɗi ake biya.

Har ila yau, wannan kashi 90 da ake tutiya da shi ba alkawari ba ne ga wanda ya zauna yau da dare. Lissafi ne na miliyoyin dannawa, wata 'yar kwamfuta ce a cikin injin take zaɓen sakamako, ba ruwanta da wanda ya daɗe yana asara. Kuma mai caca ba ya tashi da abin da aka mayar masa, sake zubawa yake yi. Dala 100 ta zama 90, 90 ta zama 81, 81 ta zama 73. Bayan zagaye na bakwai abin da ya rage bai kai rabi ba. Ko da injin kashi 95 yake mayarwa, zagaye 14 ya isa a kai wannan matsayi. Bambancin kawai shi ne wani akuyarsa ta mutu da hantsi, wani da la'asar.

Wani zai ce ina ruwanmu da Las Vegas. Ruwanmu shi ne, wannan lissafi ya biyo mu har gida. Yaron da ya sa Naira 100 a cacar ƙwallo ya jera wasanni goma a tikiti ɗaya, yana ganin araha ya samu. Bai sani ba kowane wasa da ya ƙara, kason kamfani ƙaruwa yake yi. Injin kwabo ne ya sake riga. Kuma ba a ɓoye yake ba cewa kuɗin aljihu da na jarrabawa, waɗanda iyaye suka sayar da hatsi kafin su tara, suna bin wannan hanya.

Ra'ayinmu shi ne a koyar da wannan lissafi a cikin aji, a fili. Mun san akwai dattawan ikilisiya da za su ce yin haka koya wa yara caca ne, gargaɗin da Manzo Bulus ya yi wa Timoti a kan son kuɗi ya isa. Muna girmama su, gargaɗin kuma yana nan daram. Amma yaron da aka ce masa "zunubi ne" kawai, ran da abokinsa ya nuna masa tikitin da ya ci, ba shi da amsar da zai ba zuciyarsa. Wanda ya taɓa ninka 0.9 sau bakwai da hannunsa yana da ita.

Don haka muna roƙon malaman lissafi, idan an zo darasin kaso cikin ɗari a ƙananan azuzuwa, da na yiwuwar faruwar abu a manya, a sa Audu da Bulus cikin tambayoyin gwaji. Shugabannin zumuntar matasa kuma su ware yamma ɗaya a zango mai zuwa, a shigo da allo da alli majami'a, a gayyaci iyaye su zauna a baya.