Mai Duba Haƙorin Raƙumi, Ya Duba Rigar Ruwa

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, babu mai biyan kuɗin raƙumi sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya kuma ga tafiyarsa. Amma wannan mutumin, idan Allah Ya hore masa ya shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Jidda, aka yada zango a Sharm El-Sheikh ta Masar, sai ya damƙa ransa ga mai kwalekwalen da ya fi kowa araha, don a kai shi kallon murjani da bututun numfashi a baki. Ya ɗauka wayo ya yi. Ganganci ne.

Mu mutanen ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, kududdufin damina muka sani. Bahar Maliya kuwa tana jan gwanin iyo ma, balle baƙo. Saboda haka a yi tambaya kafin a biya. Kowa zai sami rigar da ke hana nutsewa? Mutum nawa jagora ɗaya yake kula da su? Daga gaɓa ake shiga, ko a tsakiyar teku ake sauke mutane?

Fitar da kamfanin jirgi ya shirya ta fi tsada, gaskiya ne. Sai dai idan ta makara, jirgi kan jira; wanda ya yi gaban kansa kuwa, a tasha ake barinsa.

Wani zai ce idan kwana ya ƙare, riga ba ta hanawa. Haka ne. To me ya sa yake ɗaure raƙuminsa da dare?