SHARHI: Dokar tilasta karatu na ɗaure uba, amma wa zai tuhumi gwamnati?

Tun watan Mayun 2004, lokacin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu kan Dokar Ilimin Bai-ɗaya Kyauta Kuma Tilas, duk uban da ya hana ɗansa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya aikata laifin da kotu ke iya ɗaure shi a kansa. Bayan shekara 20 da kafa dokar, asusun UNICEF ya ƙiyasta a 2024 cewa yara miliyan 18.3 ba sa zuwa makaranta a Najeriya. Daga cikinsu miliyan 10.2 shekarunsu na firamare ne, miliyan 8.1 kuma na ƙaramar sakandare, kuma mafi yawansu a Arewa suke.

Duk lokacin da irin waɗannan alƙaluma suka fito, maganin da masu mulki ke fara ambata shi ne a kama iyaye. A watan Oktoban 2023 Sanata Orji Uzor Kalu ya gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurin da ke neman a ninka tarar da ke cikin dokar sau goma. A 2024 majalisar ta nemi a kafa kotunan tafi-da-gidanka domin hukunta masu karya ta. Sai dai wanda ya karanta dokar da kyau zai ga cewa raunin da ke cikinta ya wuce ƙarancin tara. Dokar ta ɗora nauyi a kan gwamnati da iyaye, amma ba ta tanadi hukunci ga gwamnati ba.

Abin da dokar ta tanada

Sashe na 2 ya fara ne da gwamnati. Ƙaramin sashe na farko ya wajabta wa kowace gwamnati a Najeriya samar da ilimi kyauta ga kowane yaro da ya kai shekarun firamare da ƙaramar sakandare, wato karatun shekara tara. Bayan nan ne aka wajabta wa uba ko mai riƙon yaro ya tabbatar ɗansa ya shiga kuma ya kammala.

Uban da kotu ta samu da laifi a karon farko, jan kunne za a yi masa. A karo na biyu tarar naira 2,000 ce ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyun. Daga na uku zuwa sama kuwa, naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu, ko duka biyun. Sashe na 3 ya haramta karɓar kuɗi a makarantun gwamnati na wannan mataki, ya kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓa. Kotun majistare aka bai wa hurumin sauraron ƙararrakin.

Masu neman a ƙara tarar suna da hujja. A 2004 mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, don haka tarar naira 5,000 kusan albashin wata guda ce. Yau da mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000, wannan tara ba ta tsorata kowa. Amma a lokacin da tarar ke da nauyi ma, da wuya a ji labarin uban da aka gurfanar. Dokar da ba a yi aiki da ita ba tana naira 5,000, babu dalilin zaton za ta tashi daga barci don an mayar da ita naira 50,000.

Fashin da ba shi da ma'auni

Yaran da ba sa karatu kashi biyu ne. Akwai wanda ba a taɓa sa shi makaranta ba, akwai kuma wanda sunansa ke cikin rajista amma ba ya zama a aji. Duk malamin ƙauye ya san kashi na biyu. Aji kan rame ranar kasuwa, ya ƙara ramewa lokacin shuka da kakar girbi. A birni kuma akwai yarinyar da ke zuwa da safe, ta fice kafin a tashi domin farantin talla na jiran ta a gida. Alƙaluman shiga makaranta na ƙidaya waɗannan yara a cikin masu karatu, alhali da yawansu za su bar aji shida ba su iya karanta jimla ba.

Dokar ta ce wajibi ne yaro ya riƙa halartar makaranta a kai a kai, sai dai ba ta faɗi kwana nawa na fashi ne ke zama laifi ba. Ba ta ce rashin lafiya ko rasuwa ko gudun hijira uzuri ne ba. Ba ta kuma naɗa wani jami'i da aikinsa shi ne bin sawun yaron da ya ɓace daga aji ba. Abin da ta yi shi ne ɗora aikin a kan masu ruwa da tsaki a harkar ilimi na ƙaramar hukuma, kalmar da ta haɗa kowa, ba ta kama kowa ba. Idan aka kafa kotun tafi-da-gidanka gobe, alƙali zai nemi shaida, kuma shaidar farko ita ce rajistar kiran suna. A makarantar da malami ɗaya ke fama da yara fiye da ɗari, ko wadda malamin kansa ke fashi, wannan rajista ba za ta tsaya a gaban lauya ba.

Ingila, wadda Najeriya ta gaji tsarin shari'arta, tana hukunta iyaye kan fashin yara, amma da ƙa'ida. Tun watan Agustan 2024, idan yaro ya yi fashin da ya kai kwana biyar ba da izini ba cikin mako goma, dole makaranta ta duba batun cin tarar iyayensa. Tarar fam 80 ce idan an biya cikin kwana 21, ta koma fam 160 bayan haka. Abin lura shi ne Dokar Ilimi ta 1996 ta ƙasar ta bai wa uba kariya a kotu idan makaranta ta yi nisa fiye da yadda yaro zai iya takawa, hukuma kuma ba ta samar da abin hawa ba. A can, gazawar hukuma hujja ce ga uba. Dokar Najeriya ba ta da irin wannan tanadi.

Kyautar da ake biya

A fassarar dokar ta 2004, abubuwan da za a bayar kyauta sun haɗa da littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da abincin rana. Duk wanda ya shiga firamaren gwamnati a karkara ya san nisan da ke tsakanin wannan jeri da abin da ke ƙasa. Uba ne ke ɗinka kayan makaranta, shi ke sayen littafin rubutu, kuma a wurare da dama shi ke biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai da na jarrabawa. Shirin ciyar da 'yan firamare na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2016 an dakatar da shi a watan Janairun 2024, tare da sauran shirye-shiryen tallafi.

Kuɗin gyara kuwa akwai hanyarsa. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, da sharaɗin jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar na kokawa cewa biliyoyin naira na zaune a asusunta saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Gwamnan da ya bar wannan kuɗi yana kwance, yara kuma na zaune a ƙasa, bai aikata laifin da dokar ta yanke wa hukunci ba.

An gwada kai maganar kotu. A 2010 Kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta tabbatar da cewa ilimin matakin farko haƙƙi ne na kowane yaron Najeriya. A 2017 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke cewa dokar 2004 ta sa ana iya neman wannan haƙƙi a kotu, duk da cewa sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulki na cikin babin da a asali ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Hukunce-hukuncen na nan a rubuce, ajujuwan kuma na nan yadda suke.

Sai batun tsaro. Daga Chibok a 2014 zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Kagara da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, daga makaranta aka kwashe yaran. A 2021 jihohi da dama na Arewa da kansu suka rufe makarantu saboda 'yan bindiga. Uban da ke ƙauyen Zamfara ko Katsina, wanda ya riƙe 'yarsa a gida don tsoron kada a sace ta, mai laifi ne a harafin dokar.

Darasin Kano

Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma tilas a 2019, ta haramta barar yara a tituna a farkon 2020, ta kuma kafa dokar jiha kan karatun tilas a wannan shekarar. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, yana mai cewa kusan yara miliyan ɗaya ba sa zuwa makaranta a jihar, ga kuma ɗimbin ɗalibai da ke karatu a ƙasa babu kujera. Da a ce duk waɗannan yara sun yi biyayya ga dokar sun bayyana a makaranta ranar Litinin, babu ajin da zai ɗauke su.

Ba a wanke iyaye ba

Duk da haka, talauci ba ya bayyana komai. Akwai mai hali da ke tura yaro ɗan shekara shida wani gari da sunan almajiranci, ba guzuri ba ziyara. Akwai mai cire yarinya daga aji don aure ko talla alhali makaranta na ƙofar gidansa. Sarki Muhammadu Sanusi II ya sha cewa uban da ya tura ɗansa bara shi ya kamata a kama, ba yaron ba. Irin wannan uba ya cancanci ya tsaya gaban alƙali. Matsalar ita ce dokar da ake da ita ba ta iya bambanta shi da manomin da makaranta mafi kusa da shi ke da nisan tafiyar awa biyu. Kuma ɗaure mai ciyar da gida na wata biyu na iya tura sauran yaran kasuwa maimakon aji.

Gyaran da ya fi tara muhimmanci

Idan majalisun tarayya da na jihohi da gaske suke, akwai abubuwan da suka riga tara. A fayyace adadin kwanakin fashin da ke zama laifi da uzurorin da doka ta yarda da su, ciki har da nisa da rashin tsaro. A ɗora wa wani jami'i a kowace ƙaramar hukuma aikin bin sawu, ya yi aiki tare da masu unguwanni da dagatai da kwamitocin kula da makarantu, waɗanda suka san gidan kowane yaro. A sa ziyara da gargaɗi da tallafi su gabaci sammaci. Brazil ta bi wannan hanya tun 2003 da shirin Bolsa Família, inda aka ɗaura tallafin kuɗi ga iyalai matalauta a kan halartar yara makaranta, kuma shirin AGILE na Bankin Duniya na gwada makamancinsa ga 'yan mata a jihohi irin su Kano, Katsina, Kaduna da Kebbi.

Abu mafi wuya shi ne sashen da 'yan majalisa ba su cika son rubutawa ba: hukunci ga jami'in da ya bar kuɗin UBEC ba a karɓa ba, da damar da uba zai kai hukumar ilimi ƙara cikin sauƙi idan babu aji ko malami. Matasan da ke bibiyar wakilansu na da tambayoyi biyu da za su iya yi tun yanzu: shin jiharsu ta biya kasonta na UBEC na bana, kuma nawa ne adadin yaran da ke cikin rajista amma ba sa zuwa aji a mazaɓarsu? Ɗan majalisar da ba shi da amsar waɗannan bai shirya kaɗa ƙuri'ar ɗaure kowane uba ba.